Sunan maigida a kan littafina

Shekara biyu da gama jami'a, muna zaune a Unguwar Rimi, na kammala littafina na farko. Da hannu na rubuta shi, tsakanin girki da goyo. Ba ni da tafireta, sai maigidana ya tafi da shi ofishinsu, ya ba mai buga musu takardu.

Da ya dawo da shi, sai ga sunansa a shafin farko, har da muƙaminsa. Mai buga takardun ya saba duk takardar da ta fito daga jakar oga ta oga ce, ko tambaya bai yi ba. Shi na yafe masa.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau dariyar maigidana ce. Ya ce, "To mene ne? Ai duk gida ɗaya ne, kuma masu buga littattafai sun fi sauraron namiji."

Na ce, "Malam, faɗa mini yadda labarin ya ƙare."

Littafin da yake shirin amsa sunansa, ko shafi ɗaya bai karanta ba.