Kyamarar Malam Mika'ilu

A unguwar Kwarbai, idan ana jayayya kan tsayuwar wata, sai a ce a tambayi Malam Mika'ilu. Tun yana saurayi Allah ya ba shi kaifin ido. Mutane na tsaye bayan masallaci suna ta lalube a yamma, shi kuwa sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga shi can, saman rimin nan," kowa ya bi yatsan har ya gani. Kakansa ne ya koya masa sunayen taurari da lokutan fitowarsu, wanda ke zuwa da zafi da wanda ke nuna damina ta kusa. Da ya girma ya yi aikin koyarwa, yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Ɗalibansa da yawa sun manta darasin, amma ba su manta yadda yake barin allo ya shiga labarin sama ba.

Bayan rasuwar matarsa, gidan ya rage daga shi sai autarsa Radiya, wadda ke aikin ofis a jami'a, ɓangaren da ke unguwar Kongo. Ita ce ta fara lura cewa yana bugun gefen ƙofa idan zai shiga zaure, kuma yana neman butar da ke ajiye a gefen ƙafarsa. Ta matsa masa suka je wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya rage masa gudu.

Suka koma gida. Sai bayan kwana biyu, suna cin tuwo, Malam ya ce, "Radiya, ina so in ɗauki hoton sama."

"Ai ga waya, Baba."

"Na gwada. Baƙi kawai take ba ni."

Wani abokin aikinta ya haɗa su da Zaharaddini, mai ɗaukar hoton biki da ke da shago a Tudun Wada, yana kuma sayar da kyamarori 'yan gwanjo. Ya shimfiɗa musu guda uku a kan tebur. Radiya ta so wata ƙarama sabuwa fil, mai shiga aljihu, mai jawo abu daga nesa. Zaharaddini ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ta rana ce. Taurari ba jawowa suke so ba, haske ne ba su da shi. Ana son wadda za ta bar idonta a buɗe ta daɗe tana tara haske, kuma a iya canza mata gilashi." Ya ɗauko wata baƙa mai nauyi, gefenta duk ya goge. "Wannan ta tsufa, amma za ta yi. Sai a haɗa da ƙafa uku da za a ɗora ta a kai, don ko numfashi aka yi a kanta hoton ya lalace. Amma gaskiya, Baba, ni ban taɓa ɗaukar sama ba. Amare nake ɗauka."

Malam ya yi dariya, ya karɓe ta yana juyawa. Ya tambayi ta ukun, aka ce ta fi sauƙin sarrafawa amma hotonta na fitowa da ƙura-ƙura a duhu. Ya ce zai yi shawara.

Shawarar nan ita ta cinye su. Malam mutum ne da bai taɓa sayen ko takalmi da gaggawa ba. Ya sa Radiya ta riƙa karanta masa bayanai daga waya, yana tsayar da ita yana tambaya. Ya koma shagon ya sake komawa, har Zaharaddini ya saba da ajiye masa kujera. Yau ya ce baƙar, gobe ya ce yana tsoron tsufanta. Wata rana Radiya ta gaji.

"Baba, don Allah ka ɗauki ɗaya. Kowacce ce."

"Sau ɗaya zan saya," ya ce. "Idan na yi kuskure ba ni da lokacin gyarawa."

Ta buɗe baki za ta ce ai lokacin ne ke tafiya, sai ta dubi fuskarsa ta ga ya fi ta sani. 

Ranar da suka kawo baƙar kyamarar gida, a ranar aka yi ruwan farko. Daga nan sama ta rufe. Duk dare Malam zai fito tsakar gida bayan Isha, ya ɗaga kai, ya koma ɗaki. Da rana yana zama da kyamarar a cinya, yana koyon maɓallanta da yatsa har ya haddace su. In an sami daren da gari ya ɗan washe, sai wata matsalar ta fito: fitilun sola da aka kafa a layinsu, waɗanda shi kansa ya sa hannu aka roƙo saboda ɓarayi, sun wanke sama ta zama fari-fari. Zaharaddini ya ce sai an fita bayan gari, wajen dutsen Kufena. Radiya ta ce ba da ita ba, ba a wannan zamanin da mutane ke tsoron hanya tun magariba ba. Malam bai yi musu ba.

Da kaka ta shigo, wani tsohon ɗalibinsa da ke da gida can gefen ganuwa, inda fitilu ba su kai ba, ya ce su zo. Suka je bayan Isha. Radiya ce ta riƙe masa hannu daga mota zuwa tsakar gidan. Shi ya kafa ƙafa ukun da kansa, ya ɗora kyamarar, yatsunsa suka bi maɓallan ba kuskure. Ya juya ta gabas, ya ce taurarin nan Kaza da 'ya'yanta suna nan yanzu, sun ɗan ɗago. Bai duba ba. Ya danna, suka tsaya ba mai motsi har ta yi ƙara.

Radiya ta leƙa ɗan allon da ke bayan kyamarar, sai ta dafe baki. Taurari ne birjik, fiye da abin da idonta ke gani a sama, ga Kazar da 'ya'yanta a gefe sun taru kamar an zuba gero.

"Baba, ya fito! Wallahi ya fito!"

Ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da allon. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan wurin da ya rage masa a ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe a hankali.

"Akwai haske," ya ce. "Faɗa mini yadda suke."

Ta faɗa masa. Yana gyaɗa kai, wani lokaci ya gyara mata suna. Da ta gama ya ce a naɗe kayan, sanyi ya fara.

Radiya ta kai hoton aka wanke shi babba, ta rataye a zaure. Baƙi kan tsaya su yaba, Malam ya yi godiya. Bai sake neman a kai shi gefen ganuwa ba. Kafin shekara ta zagayo ganin ya ƙarasa tafiya, ya koma zuwa masallaci da sanda. Zaharaddini ya aiko cewa in suna so zai karɓi kyamarar ya sayar musu. Radiya ta kai wa Malam saƙon. Ya ce ita ta yanke, tata ce yanzu. Har yau ba ta ba da amsa ba, kuma ba a sake ɗaukar komai da ita ba.