Rigar Fatar da Kawu Nomau Ya Sa wa Akwatin Sauti

Ku da kuka san Kawu Nomau na Anka, yayan mahaifiyata, kun san sabon abu ba ya kwana uku a gidansa ba a sa masa rigar fata ba. Rediyo, tocila, madubin ido, har na'urar awon hawan jini da aka ba shi a asibiti, duk sai an kai wa Mamman baduku can Bukkuyum ya ɗinke su ruf kamar laya. Akwai dukawa a Anka fa, amma Kawu ya ce ɗinkinsu na yara ne. In ka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Ba a barin kaya tsirara." Allah ya jiƙan Kawu, amma yau sai na faɗi abin da ya yi mini, don har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da waya ya fara gwada ni. Na sayo masa sabuwa fil da albashina na farko na koyarwa a Gummi. Bayan mako guda na zo gaishe shi, na tarar an rufe fuskar wayar gaba ɗaya, maɓallai kawai aka bari a waje.

Na ce, "Kawu, to ta yaya za ka san mai kiranka?"

Ya ce, "In na ɗauka ai shi hwaɗi sunanai. Ko bebaye ka kirana?"

Amma wannan wasa ne a kan maganar kaset.

Kawu yana da wani kaset guda ɗaya da ya fi ƙauna a kan gonarsa. Lokacin da yake saurayi yana aikin gadi a Ikko, mahaifiyarsa, kakarmu ke nan, ba ta iya rubutu ba, sai ta sa aka ɗauki maganarta a kaset aka aika masa, kamar yadda mutanen da ke yi. Kafin ya dawo gida ta rasu. Babu hotonta ko ɗaya, muryar nan ce kaɗai ta rage mana. Kaset ɗin ya tsufa, zaren ya yi laushi, rikoda ta taɓa tauna gefensa sau biyu. Kowa a dangi ya san juyi ɗaya na rashin sa'a zai raba mu da ita har abada.

A shekarar 2014 na shawo kansa da ƙyar ya yarda a kwafe muryar cikin kwamfuta. Na je shagon Oga Monday, wani ɗan kudu mai sayar da kayan waya a Gummi, na sayi ɗan akwatin juya sauti, wanda ake haɗa rikoda da shi, shi kuma a soka shi a ramin USB na kwamfuta. Oga Monday ya haɗa komai da hannunsa a kan tsohuwar kwamfutarsa, ya gwada da kaset ɗin wa'azi, sauti ya shiga tas. Ni kuwa sabuwar kwamfutata ba ta iso daga Gusau ba tukuna. Sai na tafka wautar da ta fi kowace a rayuwata, na ce, "Kawu, ajiye mini akwatin nan kafin ta zo."

Ranar da na iso Anka da kwamfutar, Kawu ya miƙo mini akwatin cikin jar fata, har da tuntu da igiyar rataya. Ramuka biyu ke leƙowa, ja da fari, ga wayar USB ta baya. Na haɗiye fushina, na haɗa komai, na sa kaset ɗin wa'azi don gwaji. Kwamfuta ta nuna ta ga baƙo. Rikoda tana juyawa. Amma layin sauti a kan allo ya kwanta shame-shame, ko motsi babu.

Na canja rami. Shiru. Na gwada rami na uku. Shiru. Na shiga saitin sauti na zaɓi akwatin da sunansa, na ɗaga ƙara har ƙarshe, na kashe kwamfutar na kunna. Kawu yana zaune a kan buzunsa yana kallona kamar mai kallon dambe.

Ya ce, "Wagga na'ura taka sabuwa ta, ba ta san mutane ba. Kuma ga ta tsirara. Ka ba ni ita in kai ma Mamman."

Na ce, "Kawu, wallahi in allura ta taɓa kwamfutar nan mun rabu!"

Abin haushin, ni ma kwamfutar na zarga. A tunanina ita kaɗai ta canja tun gwajin shago. Makonni uku na yi ina fama. Na sauko da manhajar akwatin daga intanet a Gummi, da sabis ɗin da sai ka hau tudu. Na sayi sabuwar wayar haɗi. Na ari rikodar ladanin unguwarmu. Da abin ya ishe ni na je na tsaya a ƙofar shagon Oga Monday, ban ko ɗauko akwatin ba don Kawu ya hana, na zazzaga wa bawan Allah nan rashin mutunci a gaban masu saye. Na ce ya sayar mini da jabu. Mutumin da bai taɓa cutata ba!

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, wane rami ka sa waya? Guda huɗu ne fa."

Na ce, "Biyu ne!"

Ya ce, "Huɗu, Malam. Biyu na shiga, biyu na fita."

Jama'a, ban san lokacin da na hau mota zuwa Anka ba. Na ce a farke fatar nan yanzu-yanzu. Kawu ya rungume akwatin a ƙirji, ya ce wanda ya ɗinka shi kaɗai ke farkewa. Haka muka kwashi kwamfuta da rikoda da kaset muka nufi Bukkuyum a bayan a-kori-kura, ni da dattijo.

Mamman baduku yana jin tambayata ya ajiye basillarsa.

Ya ce, "Ai huɗu nig gani. Nomau yac ce ramu huɗu ɓarna ta, ƙura ɗai za su sha, in toshe biyu. Nic ce waɗanne? Yac ce in bar na dama."

Na juya na dubi Kawu. "Don me na dama?"

Ko kunya babu ya ce, "Da dama aka cin tuwo, da dama aka shiga masallaci. Mi zai sa in bar na hagu?"

Mamman ya sa aska ya buɗe. Ga su nan, ramukan shigar sauti biyu a hagu, an lulluɓe su da fata har ninki biyu. Makonni uku ina ɗura wa'azi ta ƙofar fita! Na nuna wa Kawu rubutun da ke jiki. Ya sa madubinsa ya duba da kyau.

Ya ce, "To wane marar tarbiyya na ya sa ƙohwar shiga ga hagu? Shi za ka yi ma hwaɗa, ba ni ba."

A nan rumfar Mamman, cikin warin jima, na mayar da wayar inda ya kamata, na kunna kaset ɗin wa'azi. Layin nan da ya kwanta ya tashi yana tsalle. Kawu ya ciro kaset ɗin Kaka daga aljihun ƙirjinsa, ya yi bisimilla ya fi sau uku. Ni ma na zuba wa rikodar ido, don ta aro ce, ban san halinta da tsohon zare ba.

Sai ga murya siririya ta tsohuwa: "Nomau, kana jina? An ce ka rame. Ka riƙa cin abinci, ka bar rowar nan taka, kuɗɗi ba su kai mutum kabari..."

Mamman ya ƙyalƙyale da dariya. Ni ma na so in yi, sai na ga Kawu ya cire hula, hawaye na bin gemunsa. Minti goma sha ɗaya tana masa faɗa, tana sa masa albarka, kuma duk sun shiga kwamfutar lafiya lau. Washegari na koma Gummi na ba Oga Monday haƙuri a gaban mutanen da na zage shi. Kawu kuwa har ya koma ga Allah bai yarda ya yi kuskure ba.

A ranar, a mota muna komawa Anka daga Bukkuyum, na ce, "Kawu, tunda abin ya yi, bari in ɗauki taka muryar ma."

Ya harare ni. "Ni da ni nan da raina? In kana son jina ka zo Anka, ka ji da kunnenka."

Ni kuma ina cike da haushinsa, na ce a raina ya je can da taurin kansa, ban sake tayar da maganar ba. Bayan shekara biyu zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Yau muryar Kaka tana cikin wayar kowa a danginmu, jikokin da ba su taɓa ganinta ba sun haddace faɗanta. Tasa ce babu. Na bincike wayoyina da na 'ya'yansa kaf, ko sallamarsa ban samu ba, kuma wannan karon ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Allah ka yafe wa Kawu Nomau, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da Innarsa a inda zai ji ta ba da kaset ba. Ni kuma ka yafe mini fushin da na yi da shi. Amin.