Ujo Vendo, Mai Karanta Sawun Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi na safe Ujo Vendo, wato Kawu Vendo, yake buɗe filin hokin ƙanƙara na garinmu. Ya kunna fitilu, ya ɗora ruwan zafi, ya shafa gefen rolba, motar share ƙanƙara, kamar mai gaisawa da tsohuwar saniyarsa. Shekara talatin da takwas ke nan. Amma ba ya hawa motar nan take. Da gangan yake barin ƙanƙarar atisayen yamma ba a share ba, don da safe ya ɗauki shayinsa ya taka ciki, kansa a sunkuye, yana karanta zanen da ƙarafan ƙasan takalman samari suka bari.

Mu faifai, 'yar baƙar robar da ake bugawa da sanda, muke bi da ido, mu yi ihu idan ya shiga raga. Shi 'yan baya yake bi, masu tsaron gida, waɗanda ba a tunawa da su sai sun yi kuskure. Ka tambaye shi samarin kowace shekara, zai zayyana maka su. "Na shekarar da rufi ya yi yoyo? Uku ƙungiyoyin Kanada suka zaɓa. Na ce ɗaya ne kawai ya iya juyawa dama. Sauran biyun, ɗaya taya yake sayarwa yanzu, ɗayan likitan haƙori ne, kuma a haka ya fi yi wa hoki amfani." Ni kaina minti ɗaya ya kalli sawuna, ya ce, "Ɗana, kana da lasin tuƙi?" Wato in nemi wata sana'a.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a hunturun da ya wuce, saura mako uku ya yi ritaya. Akwai wani ɗan baya mai suna Rado, ɗan shekara sha bakwai, shiru-shiru, bai ci ko ɗaya ba duk kakar. Koci ya riga ya gaya masa wasan Asabar ne na ƙarshe, daga nan sai masana'antar katakon babansa. A wannan Asabar ɗin kuma mai farautar 'yan wasa ya zo daga Kanada, ba don Rado ba, don Dávid, mai dogon gashi da bugu kamar bindiga. Baƙon nan ba baƙo ba ne. Miloš Dubec ne, ɗan garinmu, wanda Ujo Vendo ya taɓa ce wa ƙafarsa ta dama matsoraciya ce. Shekara ashirin da biyar bai yafe ba.

Da aka tafi hutun farko, lokacin share fili, Ujo Vendo ya shigo da rolba, ya kashe ta a bakin ƙofa, ya ciro burodi da naman klobasa daga aljihu ya fara ci. 'Yan kallo suka kama fito. Manaja ya sauko fuskarsa jawur.

"Vendo, ka haukace ne? Share fili!"

"Sai Miloš ya sauko."

"Zan kore ka yau, babu biki babu agogon ritaya!"

"Kore ni mana. Makullin yana aljihuna, kuma kai ko keken jikarka ba ka iya tuƙawa ba."

Dole Miloš ya sauko, da kwat ɗinsa mai tsada da takalmin fata mai santsi.

"Ujo, har yanzu kana nan kana kashe wa yara gwiwa?"

"Har yanzu, Miloško. Taho nan kusurwa. Bi a hankali da ta daman nan, ka san halinta."

Taku huɗu ya yi, na biyar ƙafar daman ta tafi harkarta. Miloš ya kife rub da ciki, takardunsa suka watse, fili ya ɗauki dariya har da alƙalin wasa. Ujo Vendo bai miƙa masa hannu ba. Durƙusawa ya yi kusa da shi.

"Yauwa, daga nan ake gani. Kar ka tashi. Ga sawun Dávid: duk juyinsa hagu yake yi, ga tulin garin ƙanƙara inda ya makara ya taka birki. Yanzu dubi wannan mai layi biyu. Ƙarfen takalmin Rado ya tsage, shi ya sa. Bi shi da ido. Hagu, dama, da baya, babu birki ko ɗaya. Ka san dalili? Kafin faifai ya iso, shi ya riga shi zuwa."

Miloš ya daɗe a kwance, haɓarsa a kan ƙanƙara. Sai aka ga ya fara rarrafe yana bin layin nan biyu har gaban raga. Da ya miƙe, kwat ya jiƙe sharkaf, ya ce, "Lamba nawa yake sawa?"

An ci tarar ƙungiya saboda jinkiri, manaja bai yi wa Ujo Vendo magana ba har ranar ritayarsa. Amma Rado bai je wurin katako ba. A zaɓen 'yan wasa na bazara, zagaye na ƙarshe, lokacin da masu kallo suka fara neman takalmansu, aka kira sunansa.

Ujo, kai ne ka bi bayan samarinmu shekara talatin da takwas kana goge kurakuransu da ruwan ɗumi, ba ka kai wa kowa gulma ba. Kai ne ka faɗa mana gaskiyar da iyayenmu suka kasa faɗa, muka yi fushi, muka dawo muka gode. Mai idon ƙasa, sarkin rolba! Lokacin da ya kamata ka lallaɓa ka karɓi agogonka, sai ka jingine shi saboda yaron da ba ɗanka ba.

Mun gode. Ku kuma masu alƙalancin samari, a fili ko a shago ko a aji, ku riƙa saukowa daga kujerun sama kuna duba sawun wanda ba ya surutu. Ba sai kun faɗi ƙasa ba, ko da yake an ga yana taimakawa.

Yanzu Ujo Vendo a talabijin yake kallon Rado, kuma kullum cikin faɗa yake da masu ɗaukar hoto, wai faifai kawai suke nunawa. A saman talabijin ɗin akwai kyautar da ta zo daga Kanada. Ba riga ba ce. Tsohon ƙarfen takalmin Rado ne mai tsaga, da 'yar takarda da hannun Miloš: "Ta daman tana gaishe ka."