Hotunana a Ƙarƙashin Gero

Da kakar shekarar da aka samu 'yancin kai, wata ranar Laraba, na dawo daga kiwo na tarar an cika babban rumbunmu na Kebbe da damman gero, Baba yana kan tsani yana liƙe bakinsa da laka. Na tsaya riƙe da sanda, ko sannu da aiki na kasa yi masa. Duk abin da na mallaka a duniya yana can ƙasan rumbun, ƙunshe a tsohuwar hula.

Hotunan 'yan silima ne. Yayana Sani, wanda aka kai makarantar boko a Tambuwal, shi yake samo su wajen yaran mota masu zuwa Sakkwato, ya kawo mini in an yi hutu. Ni kuwa Baba ya ce ɗa ɗaya ya ishi boko, sai aka bar ni da shanu. Ban taɓa ganin silima ba, ko Tambuwal ɗin ban taka ba. Amma ina da wani mai gashin baki a kan doki, da wata Ba'indiya tana leƙowa ta tagar jirgin ƙasa, da wasu da dama. A bakin fadama nake baje su in ƙirƙira musu labari, shanu na ɓarna ban sani ba. Da yake Baba ba ya yarda hoto ya kwana a ɗaki, sai na ga babu maɓoya kamar rumbun da ba komai a ciki. Wayon yaro ke nan.

A gidanmu ba a taɓa babban rumbu sai ƙaramin ya ƙare, damina ta kankama. Na shiga cin tuwo ba ji ba gani, wai don a yi saurin zuwa gare shi. Inna takan dube ni ta ce, "Wanga yaro, mi as same ka? Ci kakai kamar gobe babu." Watannin nan sun yi mini tsawo ƙwarai, kullum daga gida sai daji, ba abin kallo sai bayan saniya.

Da aka buɗe, ni ake zurawa in miƙo dami. Sai cikin marka na kai ƙasa. Gara ta cinye hular, ta cinye mutanena, saura guntun tagar jirgi da hannun matar. Na zauna cikin duhu na fashe da kuka. Baba ya leƙo, ya ga rumbu wayam, ya ce a hankali, "Bari kuka, Ummaru. Sabon gero ya kusa, ba mu kwana da yunwa." Ban iya gaya masa gaskiya ba.

Yanzu jikokina na kallon fim a waya, sukan ce in faɗi sunan wanda nake so su nemo mini. Ni kuwa fuskoki kawai na sani, ba wanda ya taɓa gaya mini sunayensu.