Tsakuwa a Bakin Ƙarfe

Ƙasarmu ba ta da jirgin ƙasa, amma ni na yi damina tara ina tsallake layin dogo kafin in kai madafa. Maigidana ne ya shimfiɗa shi a tsakar gidanmu na Konni, ƙarafan da ba su fi taku shida ba, ba sa zuwa ko'ina.

Da can a wata tasha ta Najeriya yake aiki. Shi ke jan ƙarfen da ke sauya wa jirgi hanya. In ya ja mariƙin, wani siririn ƙarfe da suke kira harshe sai ya matsa ya manne da layi, jirgi ya bi inda aka nufa. Ƙa'idar aikin ita ce, in ka ja, ka duƙa ka duba ko ya manne. Wata rana tsakuwa ta maƙale a tsakani, mariƙi ya kwanta kamar lafiya lau, taragu biyu na gyaɗa suka kife, suka danne wani lebura maƙwabcinmu mai 'ya'ya uku. Aka sallami maigida, muka tattara komatsanmu muka dawo gida.

Kowa ya ce ƙaddara ce. Shi ya ce ƙirar ce ba ta da kyau, kuma sai ya gyara ta. Wa ya aike shi? So yake ya ƙera mariƙin da zai ƙi kwantawa muddin akwai ko ƙwayar tsakuwa a bakin harshen. Direbobin siminti na Malbaza suka riƙa kawo masa tsofaffin ƙarafa, mai walda na bakin kasuwa har ɓuya yake in ya hango shi. Awakina suka rasa turke, babban yatsana na ƙafa ya rasa farce sau biyu.

Kuma ni ce mai sa tsakuwar. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga lodi a tashar mota, sai ya juya baya ya ce, "Sa ta inda ban gani ba." In sa, ya ja, mariƙi ya kwanta. Sai ya yi tsaki ya ɗauko guduma. Mata a bakin rijiya suna min tsiya: "Yaushe jirginku ka tashi? A aje muna wuri!" Ina tayawa da dariya, amma wallahi na gaji. Na gaji da ƙarar guduma, na gaji da mutumin da yake raye amma kullum yana tsaye a rana ɗaya.

Wata Laraba, bayan an gama yankan gero, na sa tsakuwa ƙarama kamar ƙwayar wake. Ya ja, mariƙi ya cije. Ya sa ƙarfinsa duka, ya ƙi. Na cire ta, ya ja, ya kwanta sumul. Sau biyar muka maimaita.

Na zaci zai yi murna. Sai ya zauna a kan turmina.

"Uwar ɗiya," ya ce, "ran nan ban duƙa ba. Ban duba ba."

"Na sani, Malam."

Ya ɗago. "Ƙaƙa kinka sani?"

"Ni nak kawo maka hura. Kana ja, nak kira ka, kaj juyo."

Ya dube ni, babu alamar mamaki a fuskarsa. Ashe duk shekarun nan bai manta kiran nan da na yi masa ba, rufa min asiri yake, ni kuma ina ɗauka ni ce mai rufa masa. Ban yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Na zauna a ƙasa kusa da shi, tsakuwar na hannuna, har ladan ya kira magariba.

Bai sake taɓa guduma ba. Ƙirar tasa ba ta taɓa ganin jirgi ba, akuya nake ɗaurewa a jikin mariƙin. Amma har yau, in wani yana tsakiyar aiki, ko ɗinki ne, ba na kiran sunansa sai ya ɗago da kansa.