Ta'aziyyar 'Yan Ɗaga Ƙarfe

Ni tela ne, kuma duk wanda ya daɗe a kan keken ɗinki ya san abin da yake yi wa bayan mutum. Tun ban kai talatin ba na fara tafiya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Shi ya sa da aka buɗe kulob ɗin ɗaga ƙarfe a garinmu Tudun Wada, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina cikin waɗanda suka fara shiga. Kada ka ji an ce kulob ka zaci wani abin kirki ne. Kango ne a bayan tasha, rabinsa da rufin kwano, rabinsa sararin Allah. Ƙarafan kuwa siminti muka zuba a gwangwanayen fenti muka soka musu bututun famfo, sai wasu tsofaffin ƙarafan mota da wani bakanike ya ba mu. Wurin wari yake yi, warin zufa da na fitsarin da ake tsulawa a bayan katanga. Amma wallahi bayana ya miƙe a can, kuma ina son wurin.

Mai kulob ɗin Masta muke ce masa. Ya yi aiki a masaƙa a Kano, da aka sallame su ya dawo gida da faffaɗan ƙirji da son girma. Shi ya kafa mana dokoki, kuma yana ji da su kamar daga sama aka saukar masa. Kowa zai biya kuɗin wata. Wanda ya bari suka taru a kansa a kore shi, in zai dawo sai ya sake biyan kuɗin shiga kamar baƙo. Abu uku kawai ke sa a ɗage wa mutum: in an yi masa haihuwa, in an yi masa rasuwa, ko in shi da kansa ya kwanta ciwo.

A daminar da nake ba da labari, maiɗakina ta yi ɓari. Na uku ke nan.

Na farko da na biyu kowa ya sani, kuma sanin ya fi ɓarin wahalar da ita. Matan unguwa suka mai da ɗakinta kasuwa. Wannan ta kawo saiwa a jiƙa, waccan ta kawo rubutu, wata ta ce iska ce, wata ta ce ai haka kakarta ta wajen uwa ta yi, abin a jininsu yake. Ko gidan suna ta shiga sai a yi shiru, a bi cikinta da ido, wata ta ja jaririnta jikinta. Da ta samu na ukun sai ta ce min, "Malam, wannan karon daga ni sai kai sai Allah. In ya zauna, sa gani da idonsu. In bai zauna ba, ba na son sannun kowa." Na ɗinka mata manyan riguna, ta riƙa yafa babban mayafi, babu wanda ya gane.

Bai zauna ba. Ranar da jini ya ɓalle mata na ɗauki shatar mota na kai ta Bebeji wajen yayarta, daga nan asibiti. A unguwa na ce taifot ce. Ko mahaifiyata taifot na ce mata. Ta daɗe a can kafin ta iya tsayawa da ƙafarta, ni kuwa ina ta zirga-zirga a hanya, shago a rufe, ɗan abin da na tara ya tafi a magani da ƙarin jini. Kulob ko ta kansa ban bi ba, kuɗin wata suka yi ta hawa kaina.

Bayan ta dawo gida, ita ce ma ta tayar da maganar. Ta ga ina tashi daga kan keke ina dafa ƙugu, ta ce, "Malam, bayan nan naka ya dawo. Ka je ka roƙi Mastan naku ya ɗage maka mana. In ya matsa ka faɗa masa gaskiya, ai babba ne. Amma shi kaɗai."

Na same shi a ƙofar gidansa bayan azahar, babu kowa. Na ce iyali ne ba lafiya, shi ya ɗauke min ƙafa. Ya ce doka ba ta san ciwon iyali ba. To, sai na rage murya na faɗa masa, na kuma ce don girman Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Ya dafa ƙirjin nan nasa ya ce, "Allah sarki! Haba tela, ka bar min komai. Ka zo Juma'a da la'asar."

Na je. Ina shiga kangon na ga an jera bencina, mutane sun cika, ana ta shan rake ana tofar da ɓawo a ƙasa, ƙudaje na bi. Masta ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, ga matsalar tela. Iyalinsa ta yi ɓari, yana neman a ɗage masa. Kwamiti, me doka ta ce?"

Kai! Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Masta, ba haka muka yi da kai ba." Ya ce ai ba shi da ikon yafe ko kwabo shi kaɗai, kuma nan duk 'yan'uwa ne, babu bare.

Ma'ajinmu ne ya fara, wani siririn mutum mai sayar da kayan keke, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga ko gwangwani ɗaya ba. Ya ce wannan ba haihuwa ba ce, tunda ba a raɗa suna ba, ba a yanka rago ba. Ba kuma rasuwa ba ce, tunda babu wanda ya ga an fito da gawa. Shi kuma tela ga shi nan garau, bai kwanta ba. Saboda haka a ganinsa babu gurbin da za a sa maganar.

Wani da ya ɗan taɓa karatu ya ce a'a, a bi a hankali, ya danganta da watannin cikin. In ya wuce wata huɗu an busa masa rai, in an busa rai kuwa mutum ne, mutum kuwa in ya tafi rasuwa ce. Sai duk suka juyo kaina. Wata nawa ne? Ya fara motsi? Da ya fito ya yi kuka? Ma'aji ya ce a yi hattara da maganar kuka, don in ya yi kuka to haihuwa ce da rasuwa a haɗe, kada gobe wani ya zo ya ce a ɗage masa sau biyu.

Akwai wani mahauci a cikinmu, ƙato, kullum da ƙarnin jini a jikinsa. Ya cire rake daga baki ya ce su daina wahalar da kansu, shi ya sha farka akuya ya tarar da ɗan tayi, da ganin girma yake sanin watanni. Ya miƙo min hannunsa, ruwan rake na bin yatsun, ya ce, "Tela, nuna min. Ya kai nan? Ko nan? Gashi ya fito masa?"

Tir! Yaron da yake aunawa da tsintsiyar hannunsa, ni na naɗe shi da hannuna a ƙyallen farin yadi, ni da mijin yayarta muka kai shi gefen maƙabarta a Bebeji. Namiji ne, yatsunsa duk sun fito. Ban faɗa musu ko ɗaya ba, ba su cancanci su ji ba. Duk wannan abin da ake yi, wani yana kwance a benci a bayana yana ɗaga siminti yana nishi, ko dakatawa bai yi ba. Wani kuma daga can baya ya ce, "Na uku fa ke nan. Duk ƙarfen nan da kake ɗagawa, tela?" Aka yi 'yar dariya, wasu suka ce kai, bari mana.

Na miƙe na ce, "Allah ya isa tsakanina da ku. Ku riƙe kulob ɗinku." Na fita ina jin Masta yana cewa in dawo, ba a gama zama ba. A hanya na tsaya na yi ta tofar da yawu, bakina ɗaci kamar na tauna maɗaci. Da na isa gida maiɗakina ta tambaye ni yadda muka yi, na ce ba a gama magana ba. Ina ta addu'a abin ya mutu a cikin kangon nan, tunda maza ne, wataƙila su ji kunyar kai shi gida.

Washegari da la'asar ina zaure ina gyara wuyan wata riga, sai na ji takun mutane da yawa. Na leƙa. Ƙarti sun fi goma, a jere bibbiyu, kowa sanye da rigar kulob, Masta a gaba yana tafe yana buɗa hannuwa. Yaran unguwa sun biyo su a baya, mata na leƙe ta kan katanga. Suka tsaya a ƙofar gidana, Masta ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Salamu alaikum! Mun zo ta'aziyya!"

Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya taso daga kan tabarmarsa a firgice, carbi a hannu, ya ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?" Kafin in buɗe baki Masta ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da cewa na uku ke nan, Allah dai ya sa mai ceto ne. Suka tsuguna a ƙofar gida suka ɗaga hannu, dole ni ma na tsuguna, don ba a korar mai addu'a. Na shafa fatiha tare da su.

Da aka shafa, Masta ya dafa kafaɗata, fuskarsa fal murna. Ya ce bayan na fita sun daɗe suna muhawara, shi ya tsaya min tsayin daka har kwamiti ya yarda rasuwa ce, an yafe min duk abin da ya taru. To tunda rasuwa ce, doka ta ce kulob ya zo gaisuwa gaba ɗayansa, cikin riga, kamar yadda ake yi wa kowa. "Ba ma nuna bambanci, tela," in ji shi. Sai ya tsaya yana kallona. Godiya yake jira! Daga ranar ban sake taka kangon nan ba, in na hango mai rigar kulob a kasuwa ma sauya layi nake yi.

Suna tafiya na shiga cikin gida. Maiɗakina tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu. Zauren namu ƙarami ne, babu kalmar da ba ta ji ba. A waje kuwa har na fara jin muryoyin mata suna tahowa, wata tana cewa, "Ashe shi ya sa! Ni dai na ce wannan ramar ba ta taifot ba ce." Ƙanwata kuma na hango ta ta kan katanga ta nufi gidan iyayenmu da sauri, za ta kai wa mahaifiyata labari.

Maiɗakina ta jingine tsintsiyar a bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "An yafe maka kuɗin?"

Na ce an yafe.

Ta ce, "To, madalla." Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarmi, ta fara shimfiɗa wa masu zuwa sannu.