Ranar da Baba Ya Fitar da Taurari Rana

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na kai wa Baba jariran taurari Kantin Kwari ba.

Farkon dawowar mulkin farar hula ne, ina ajin ƙarshe a jami'a. Malaminmu na fiziks ya samo mini gurbin ci gaba da nazarin sararin samaniya, amma sai da sa hannun mahaifi, kuma washegari za a rufe karɓar takardu. Baba ya ƙi. A wurinsa duk mai bin taurari ɗan duba ne.

"Ban kai ki boko don ki dawo kina zaɓa wa mutane ranar tafiya ba," in ji shi.

Da hantsi na tafi wani shagon intanet a Sabon Gari. Mai shagon, 'yar kudu haifaffiyar Kano, ta zauna kusa da ni muna jiran hotuna biyu su sauko layi-layi. Wata na'urar hangen nesa mai kama hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, ce ta ɗauko su daga cikin gajimaren ƙura da iska inda ake haifar taurari. A hoton farko, wani ɗigo dishi-dishi. A na biyu, bayan 'yan sa'o'i kacal, ɗigon ya haske fau! Ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba.

"Ke 'yar Alhaji, lafiya?"

"Madam, jariri ne yake birgima!"

Ta buga mini su a takarda, na ruga shagon atamfar Baba a Kantin Kwari.

Baba ya karɓa ya fita da su rana, yadda yake yi wa kowace atamfa kafin ya yarda da launinta. Har murza gefen takardar ya yi.

"To, me ya ce zai faru?"

"Ba ya cewa komai, Baba. Yaro ne. Wuta yake fesowa, wadda ta ninka ta ranarmu nesa ba kusa ba. Ita ma rana haka ta yi tana ƙarama."

Ya ɗaga kai, ya kanne ido.

"Wannan dattijuwar? Ashe ita ma ta yi ƙiriniya! Subhanallahi." Ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Alhaji, zo ka ga ikon Allah!"

Maƙwabtan shago suka taru, takarda na yawo hannu zuwa hannu. A kan dilar shadda ya sa mini hannu.

Ranar na gane cewa sau da yawa wanda ya ƙi abu bai gan shi ba ne. Daina musu, miƙa masa ya duba da irin idon da ya saba.